TUWO DABAN, AKUSHI DABAN: TSARA SHAFIN YANAR GIZO DOMIN MAI KARATU NA KURFI DA DUTSIN-MA



Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Dutsin-Ma, ya ratsa ta Kurfi, garin Maraɗin Katsina, ba zai rasa lura da cewa wayar hannu ta zama abokiyar zaman kowa ba, tun daga mai shayi na bakin tasha har zuwa magatakardan ƙaramar hukuma. A shekarar 2001 aka fara amfani da layukan GSM a Nijeriya, a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, daga 2015 kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Abin da ya biyo baya shi ne, sanarwar da a da ake mannawa a allon ofis, ko a buga a jarida, yanzu a yanar gizo ake neman ta: sunayen waɗanda aka ɗauka makaranta, ranar jarrabawar ƙarin girma, takardar neman aiki. Wanda ya kasa karanta shafin a kan lokaci, to, dama ta wuce shi, ko da kuwa sunansa yana ciki. Saboda haka batun wannan lacca, watau yadda ake tsara shafi da fasahar da ake kira CSS, batu ne da ya taɓa hanyar cin abincin mutane.

Tsara shafi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Alaramman da ya zauna zai rubuta Alƙur'ani da ka yakan fara shata iyakar rubutu, ya bar fili a gefe, ya yi baƙaƙe da baƙar tawada, ya dawo ya sa wasali da ja, sa'an nan ya yi zayyana a wurin izu da wurin sujada domin mai karatu ya gane inda yake. Da yake ba a ɗinke littafin, warware ake sa shi cikin gafaka, sai a rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a can ƙasan wadda ta gabata, don kada takardu su rikice. A littattafan fiƙihu kuwa akan bar rata tsakanin layi da layi, inda ɗalibi zai cusa fassarar kalma mai wuya. Da zamanin boko ya zo, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a shekarar 1939, masu jera baƙaƙen dalma suka gaji wannan aiki da kayan aiki na daban. Amma da alaramma da mai jera baƙaƙe, abu ɗaya ya sauƙaƙa musu: kowannensu ya san faɗi da tsawon takardar da ke gabansa. Mai tsara shafin yanar gizo bai san girman fuskar na'urar da za a karanta aikinsa a kai ba, kuma daga nan dukkan wahalar ta samo asali.

Asalin CSS

A shekarar 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, ya kawo shawarar da ta haifi yanar gizo. Harshen da ya ƙaga domin rubuta shafuka, watau HTML, aikinsa shi ne ya bayyana matsayin kowane yanki na rubutu: wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne. Bai damu da launi ko girman baƙaƙe ba, domin masanan da aka yi shi dominsu takardun bincike suke musaya. Da 'yan kasuwa da masu jaridu suka shigo, sai suka ce ba su yarda ba, suna son shafinsu ya yi kama da mujalla. Aka shiga cusa umarnin launi da na girma cikin rubutun kansa. Aka ɗauki jadawali, wanda aka yi domin jera alkaluma, aka mai da shi katangar raba shafi, jadawali cikin jadawali, har da ɗan hoto marar launi da ake miƙewa domin ya tokare rubutu ya bar fili. Shafi ya yi kyau a ido, amma idan ofis yana da shafuka 200 aka ce a sauya launin kanu, sai an buɗe 200 ɗin ɗaya bayan ɗaya.

A watan Oktoba na 1994 Håkon Wium Lie, mutumin ƙasar Nowe, shi ma a CERN, ya rubuta shawarar a raba aikin gida biyu. Bert Bos, mutumin Holan, ya haɗa hannu da shi, a watan Disamba na 1996 kuma ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da matakin farko na CSS, mataki na biyu ya biyo baya a 1998. Ma'anar sunan ita ce takardun salo masu gangarowa. Rubutu yana zaune a takardarsa, umarnin kamanni yana zaune a tasa takardar, shafuka dubu kuma suna iya duban takardar salo guda ɗaya. Sai dai an daɗe mutane ba su gaskata ba, domin manhajojin buɗe shafi na lokacin, waɗanda ake kira burauza, kowace da yadda take fassara umarnin. A shekarar 2003 wani ɗan Kanada, Dave Shea, ya buɗe shafin da ya sa wa suna CSS Zen Garden: rubutu ɗaya ne, ba a taɓa ko harafi, amma masu zane daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa aiko da takardun salo, kowace ta sauya kamannin shafin har ba a gane shi. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen kashe gardamar.

Babu uwargida a Kurfi da za ta ga baƙon abu a cikin wannan dabara. Tukunya ɗaya take tuƙa tuwon dawa, amma idan ta zo kwasa, na maigida yana shiga akushi a rufe da faifai, na yara yana shiga babban kwano su taru a kai, na wanda ke gona ko kasuwa kuma a zuba a kula don kada ya huce. Ba ta sake tuƙi saboda mazubi ya sauya. Rubutun shafi shi ne tuwon, takardar salo ita ce kwasa da mazubi. Wanda ya cakuɗa su, kamar wanda ya ce sai an ɗora tukunya ta musamman domin kowane kwano ne.

Gangarowa da akwati

Kalmar gangarowa da ke cikin sunan tana da muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa. Murya uku ke da ta cewa a kan kamannin shafi. Burauza tana da nata salon na asali, wanda za a gani idan ba wanda ya ce komai. Mai shafi yana da nasa, mai karatu ma yana da nasa. Idan umarni biyu suka ci karo akwai ƙa'idar da ke raba gardama: umarnin da ya fi keɓance abin da yake nufi yana rinjayar na gama-gari, idan kuma ƙarfinsu ɗaya ne, na ƙarshe shi ke ci. Abin lura shi ne, tun daga ƙa'idar 1998, idan mai karatu ya ce wani umarni nasa wajibi ne, to, ya rinjayi na mai shafi ko da shi ma ya ce nasa wajibi ne. Mai dafa abinci ke sa gishiri a miya, amma yaji a gefe ake ajiye shi, mai ci ya barbaɗa gwargwadon harshensa. Tsohon ma'aikaci da idonsa ya fara rauni yana da haƙƙin ya ƙara girman baƙaƙe. Akwai masu tsara shafi da ke ɗaure girman rubutu, su hana a buɗa shi da yatsa, wai don kada zanensu ya lalace. Wannan rowa ce, ko da an sa mata sunan gwaninta.

Abu na biyu da ɗalibi zai riƙe shi ne, a wurin CSS kowane abu da ke shafi akwati ne mai kusurwa huɗu, ko kanu ne ko hoto ko sakin layi. Akwatin yana da sassa huɗu: abin da ke ciki, ratar da ke tsakaninsa da bango, bangon kansa, da tazarar da ke tsakanin wannan akwati da maƙwabcinsa. A misalin akushi, malmala ce, da filin da aka bari domin miya, da kaurin itacen, da nisan akushin daga ƙwaryar fura a kan tabarma. Wannan ƙaramin abu ya taɓa jawo babbar rigima. Ƙa'ida ta ce idan an faɗi faɗin akwati, abin da ke ciki kaɗai ake nufi, amma tsofaffin nau'o'in burauzar Internet Explorer suka riƙa haɗawa da rata da bango. Shafi ɗaya sai ya zauna daidai a wannan kwamfuta, ya karkace a waccan. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa biyu masu tiya daban ya san irin wannan ciwon kai. Daga baya aka ƙara umarnin da ke ba mai shafi zaɓin awon da yake so, abin mamaki kuma, masu sana'ar da yawa suka zaɓi awon da a da ake kira kuskure, domin ya fi sauƙin lissafi.

Ƙaramar fuska

Shekaru da dama an saba tsara shafi a kan faɗin ɗigo 960, domin kwamfutar tebur. Fuskar wayar da ke hannun ɗalibi kuwa, a awon CSS, faɗinta yakan kama wajen ɗigo 360. Idan aka tura shafin farko cikin ta biyu, ɗayan biyu ne: ko rubutu ya ƙanƙance ya koma kamar ƙwayar gero, ko kuma mai karatu ya yi ta jan shafi dama da hagu kafin ya gama layi ɗaya, maɓallin aika takarda kuma ya ɓuya a wani lungu. A shekarar 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar da shafi zai riƙa daidaita kansa da girman fuska, a 2012 kuma W3C ta tabbatar da ƙa'idar da ke ba takardar salo damar tambayar na'ura faɗinta kafin ta ba da umarni. A watan Maris na 2017 burauzojin Chrome da Firefox da Safari suka karɓi tsarin raga, wanda ke raba shafi layi-layi a tsaye da kwance ba tare da an ari jadawali ba. Kayan aikin sun cika tun tuni, kuma ba a sayen ko ɗaya daga cikinsu.

Alal misali, a ce sashen koyar da tattalin gida zai wallafa yadda ake miyar kuka. Rubutun kashi biyu ne. Akwai kayan haɗi: garin kuka, daddawa, albasa, barkono, gishiri, nama ko busasshen kifi irin wanda masunta ke samu a madatsar ruwa ta Zobe, da man shanu na zubawa a kai. Akwai kuma matakan dahuwa, tun daga tafasa nama har zuwa kaɗa kuka da maburgi a hankali don kada ta yi gudaji. A babbar fuska takardar salo za ta ce kayan haɗi su tsaya a gefe ɗaya, matakai a ɗaya gefen, mai girki ta riƙa duban duka biyun. Idan faɗin ya gaza wani adadi, sai ta ce su hau kan juna, kayan haɗi a sama. Rubutun bai sauya ba. To amma a nan akwai tarko. CSS yana iya ɗauko abin da ke ƙarshen rubutu ya nuna shi a farko, alhali manhajar da ke karanta wa makaho shafi da murya tana bin jerin rubutun na asali ne. Idan mai shafi ya yi sakaci ya rubuta matakai kafin kayan haɗi, ya dogara ga salo ya gyara masa, to, makauniya za ta ji an ce ta zuba daddawa kafin a gaya mata nawa za ta tanada. Dole rubutu ya tsaya da ƙafarsa tun kafin a yi masa ado.

Kada kuma a ɗauka an haramta jadawali. Idan sashen gona na ƙaramar hukuma zai buga farashin gero da dawa da masara da wake, tiya da buhu, mako bayan mako, wannan jadawali ne na gaskiya, kuma da alamar jadawali ya kamata a rubuta shi. Laifin da aka yi a da shi ne gina ɗaki da abin awo.

Nauyi

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a ofisoshi da yawa: a buga sanarwa a takarda, shugaba ya sa hannu, a ɗauki hotonta da waya, a liƙa hoton a shafi. Dalilin a fili yake, ana son a ga hatimi da sa hannu. Amma a yi lissafi. Sanarwa mai kalmomi 500, idan rubutu ce, nauyinta bai fi kilobait 3 ko 4 ba. Hoton takardar nan kuwa yana iya haura megabait ɗaya, watau ninki ɗari-ɗari, kuma mai karatu ne ke biyan kuɗin data. Bayan haka hoto ba ya daidaita kansa da fuska, ba a iya neman suna a cikinsa yadda ake yi a rubutu, manhajar makafi kuma ba ta da abin karantawa. Ɗalibin da ke neman sunansa cikin sunaye 2,000 sai ya bi su da ido ɗaya-ɗaya. Abin da ya dace shi ne a sa rubutun a shafi, a ajiye hoton mai hatimi a gefe domin mai son shaida. Takardar salo ita ma tana rage nauyi, domin sau ɗaya waya ke sauke ta, ta adana, ta yi amfani da ita a sauran shafukan.

Mutanen wannan yanki sun san darajar layi fiye da mazauna manyan birane. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya sami inda waya za ta kama. Wanda ya biya kuɗin mota domin ya buɗe shafi ɗaya, yana bukatar shafin ya buɗe da wuri, kuma ya bugu a takarda ya kai wa na gida. CSS ya tanadi wannan: ana iya rubuta umarni na musamman domin na'urar buga takarda, a ce ta cire hotunan ado da jerin maɓallai, ta bar rubutu baƙi a kan fari. Layuka kaɗan ne, amma shafuka nawa ne ke da su?

Baƙaƙen Hausa

Saura batun da ya keɓanta da harshen. Tun cikin shekarun 1930 boko ya karɓi baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a Jamhuriyar Nijar kuma ana ƙarawa da ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Dukkansu suna da gurbi a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa. Matsalar tana wajen zubin baƙaƙe, domin ba kowane zubi ne aka zana masa waɗannan haruffa ba. Idan mai shafi ya zaɓi zubin da ba shi da ƙ, burauza za ta aro harafin daga wani zubi, sai a ga kalma ɗaya da harafi guda ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, a tsohuwar waya kuma wani lokaci ɗan akwati ne zai fito a gurbinsa. Ganin haka sai masu rubutu da yawa suka watsar da lanƙwasar gaba ɗaya. Amma "an ba baƙi abinci" da "an ba baki abinci" ba magana ɗaya ba ce, ko da yake a ƙarshe duk bakin ne ke ci. Maganin yana cikin takardar salo. Ana jera sunayen zubi bi da bi, wanda aka tabbatar yana da haruffan Hausa a gaba, ana kuma iya umartar waya ta sauko da zubin daga shafin idan ba ta da shi. Sai dai a kula, zubi ma yana da nauyi, don haka akan yanke shi a bar haruffan da ake bukata kaɗai. Ya kamata kuma a gwada manyan baƙaƙe, Ɓ da Ɗ da Ƙ, domin kanun shafi da su yake farawa, kuma nan ne aibin ya fi fitowa.

Ajami yana da nasa sharaɗin. Daga dama yake farawa, saboda haka shafin da aka gina da umarnin "tazarar hagu" da "tazarar dama" yakan birkice idan aka zuba masa ajami. Sababbin ƙa'idojin CSS sun kawo umarnin "gefen farawa" da "gefen ƙarewa", waɗanda ke juyawa da kansu bisa ga alƙiblar rubutu, ta yadda takardar salo ɗaya za ta ɗauki boko da ajami. Ajamin Hausa kuma ba ya karantuwa sai da wasali, don haka yana son rata tsakanin layuka fiye da ta boko, in ba haka ba wasalin ƙasa na wannan layi ya hau kan na sama na mai bi masa. Haka nan idon da ya tashi a makarantar allo ya saba da rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, zubin Larabcin Gabas da ke zuwa cikin waya kuwa ba haka yake ba. A shekarar 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubi mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano, kyauta kuma ake ɗaukarsa. Da umarni kaɗan a takardar salo, sanarwar rigakafi ko ta rabon taki za ta iya fitowa a waya da irin rubutun da manomin Kurfi ya koya a gaban malaminsa.